Kafin a sayo inji, a tanadi abin da zai juya shi

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, injin niƙa gare shi a bakin kasuwar garinmu, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Rumfar kwano ce ƙarama. A cikinta akwai baƙin inji mai shan gas, da duron ruwa a gefensa, da dogon bel da ya taso daga wilinsa ya je ya kama maniƙar. Da an sallame sallar asuba sai ya zo ya wana shi da hannu, injin ya yi tari sau biyu ko uku, sannan ya kama. Ƙarar nan ita ce ke fito da yara daga gidaje ɗauke da kwanonin dawa da masara da gero. Ranar da kuwa gas ya yanke a gari, kwanonin sai su yi layi a ƙofar rumfa har azahar, daga nan mata su aiko a karɓo musu, su koma ga turmi da dutsen niƙa.

A irin wannan rana ce, ina ɗan shekara 12, na tambaye shi: "Baba, injin ne ya lalace?" Ya dube ni ya ce: "Lafiyarsa ƙalau, yaro. Abincinsa ne babu. Inji kamar doki yake, wanda bai tanadi harawa ba bai shirya kiwo ba."

Wannan magana takan dawo mini duk lokacin da na ji wani shugaba a rediyo yana alƙawarin farfaɗo da masana'antun Arewa, ana lissafa injinan da za a sayo daga ƙasashen waje da dubban matasan da za a ɗauka aiki. Ban cika jin an tsaya an yi bayanin abin da zai juya injinan ba, da nawa zai ci, da kuma awa nawa za a same shi a yini. Ra'ayina shi ne nan ne gizo ke saƙa. Tarihin ƙasar da ta fara kafa masana'antu a duniya, wato Ingila, ya nuna cewa masana'anta tana bin ƙarfin da ke juya ta ne kamar yadda garke ke bin ruwa da ciyawa, kuma mutanen can sun fara ne da ƙarfin da ke ƙofar gidansu.

Yawancinmu abin da muka riƙe daga makaranta shi ne James Watt ya ƙera injin tururi, shi ke nan sai masana'antu suka tashi. Yadda abin ya faru ya fi haka tsawo, ya kuma fi haka amfani gare mu. Kafin tururi, abubuwa huɗu ne ke juya kowane irin na'ura: ƙwanjin mutum, dabba, iska da ruwa. Ruwan kuwa Turawan Ingila sun daɗe da sanin hannunsa. A ƙidayar dukiyar ƙasa da sarkinsu ya sa aka yi a shekarar 1086, an samu wuraren niƙa fiye da 5,000 da ruwan kogi ke juyawa. Ƙaton wili ne na katako ake kafawa a bakin rafi, ruwa na tura shi yana juyawa, shi kuma yana juya dutsen niƙa, ko zugazugin maƙera, ko gudumar bugun tufafi.

Richard Arkwright, wanda asalinsa mai aski ne, ya samu takardar mallakar fasahar injin kaɗin auduga a 1769. Injin nan yana juya mazarai da yawa a lokaci guda, kuma ya fi ƙarfin hannun mutum. Da farko dawaki ya ɗaura suna zagaye suna juya shi a garin Nottingham. Doki kuwa yana gajiya, yana cin hatsi, kuma akwai iyakar adadin da za ka iya ɗaurawa. Saboda haka a 1771 ya tashi ya koma wani ƙauye mai suna Cromford, a cikin duwatsun Derbyshire, ya gina masana'anta mai hawa biyar. Babu babbar kasuwa a wurin, babu tashar jirgin ruwa, babu ma isassun mutane. Abin da ya kai shi ruwa ne: wata ƙorama, da kuma magudanar da ke fitar da ruwa daga ramukan haƙar dalma, wadda ruwanta ke da ɗumi, ba ya saurin daskarewa da hunturu. Wilin ruwa yana juya wani dogon sandan ƙarfe, daga sandan kuma ƙarfi yana rarrabuwa zuwa kowane inji a kowane hawa, irin yadda bel ɗin mahaifina ke kai ƙarfi ga maniƙa. Ana aiki dare da rana, rukuni ɗaya na tashi wani na karɓa.

Wasu suka bi sahunsa. Samuel Greg ya kafa masana'antar Quarry Bank a bakin kogin Bollin a 1784. David Dale ya kafa New Lanark a ƙarƙashin magangarar kogin Clyde a Sikotland a tsakiyar shekarun 1780. Duk inda ruwa ke gangarowa da ƙarfi, sai ka ga dogon gini ya tashi a wurin.

Abin da ya fi burge ni a wancan zamani shi ne ba su raina wilin da suka gada ba. Wani injiniya mai suna John Smeaton ya ƙera ƙananan wilolin gwaji, ya zauna yana aunawa, har a 1759 ya gabatar da sakamakonsa: wilin da ake zuba wa ruwa daga sama, nauyin ruwan ya riƙa sauko da shi, yana ba da ƙarfi kusan ninki biyu na wanda ruwa ke bugu daga ƙasa. Kogi bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba, amma aikin da yake yi ya ninka. Daga baya aka koma ƙera wilolin da ƙarfe maimakon katako. Awo da haƙuri ne suka yi wannan aiki.

Shi kuwa injin tururi a ramin haƙar kwal aka haife shi, domin ruwa yana cika ramukan yana hana haƙa. Thomas Newcomen, wani mai sana'ar ƙarfe, ya kafa injinsa na farko kusa da Dudley a 1712. Duk wanda ya san jigo a fadama zai gane siffarsa: dogon gungume a kan ginshiƙi, gefe ɗaya na sauka ɗayan na tashi. A wannan gefe akwai famfo da ya shiga rami, a wancan kuma akwai ƙatuwar silinda. Sai a cika silindar da tururi, a fesa mata ruwan sanyi, tururin ya koma ruwa ya bar wurin wayam, nauyin iskar waje ya danno fistan ƙasa, gungumen ya ɗago ruwa daga rami. Yana yin haka kamar sau 12 a minti. Amma cin kwal gare shi na fitar hankali, don haka bai da riba sai a bakin ramin kwal inda makamashin yake kusan kyauta. Ga shi kuma sama da ƙasa kawai ya iya, bai iya juyi ba. Shi ya sa a wasu masana'antu aikin da aka ba shi shi ne ya kwaso ruwan da ya riga ya wuce wili ya mayar da shi sama, ruwan ya sake gangarowa. Tururi a lokacin yaron wilin ruwa ne.

James Watt mai gyaran kayan awo ne a Jami'ar Gilasgo. An kawo masa ƙaramin samfurin injin Newcomen ya gyara, sai ya lura da inda asarar take: kowane bugu ana sanyaya silindar sannan a sake ɗumama ta. A 1765 ya gano mafita, wato a ware wata tukunya daban inda tururi zai je ya huce, silindar kuma ta zauna da zafinta. Ya samu takardar mallaka a 1769, amma sai da ya shekara bakwai kafin injinsa na farko ya fara aikin kasuwa a 1776. Me ya tsayar da shi? Kuɗi da maƙera. Sai da ya haɗu da attajiri Matthew Boulton na Birmingham, wanda ya zuba dukiyarsa, da kuma John Wilkinson, mai ƙera igwa, wanda ya gano hanyar huda ƙarfe daidai yadda tururi ba zai zurare ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda suke sayar da injin ma darasi ne. Suna auna kwal ɗin da tsohon inji zai ci a kan aiki iri ɗaya, su auna wanda nasu ya ci, sai mai ma'adini ya riƙa biyansu kashi ɗaya cikin uku na rarar da ya samu. A farkon shekarun 1780 Watt ya sa injin ya iya juyi, kuma don ya fahimtar da masu saye, sai ya riƙa gwada ƙarfinsa da na dawakin da zai maye gurbinsu. Daga nan aka samo ma'aunin ƙarfin doki, wanda ya kai kimanin wat 746. A jikin injin mahaifina akwai ɗan farantin tagulla da aka rubuta ƙarfin doki 6. Na sha goge shi da tsumma ban san daga inda lissafin ya fito ba.

Duk da haka tururi bai ƙwace fage nan da nan ba. A tsakiyar shekarun 1780 ne aka fara sa injin Boulton da Watt ya juya injinan kaɗi kai tsaye, a Papplewick kusa da Nottingham. Zuwa 1800 kamfanin nasu ya ƙera injina kusan 500 ne. Masana tarihin tattalin arziki sun ƙiyasta cewa a shekarar 1800 tururi yana ba Birtaniya ƙarfin doki kimanin 35,000, ruwa kuwa kimanin 120,000. Sai wajen 1830 suka yi kunnen doki. A lissafa: shekara 118 ke nan bayan injin Newcomen, kusan 60 bayan Cromford. Zaren da ya fara cika kasuwannin duniya daga Ingila, ruwan ƙorama ne ya kaɗa shi. A Amurka ma haka aka yi, har an fi daɗewa. Garin Lowell da aka kafa a shekarun 1820 domin saƙa, a kan magangarar kogin Merrimack aka gina shi, aka yanka magudanai suna kai ruwa ga kowace masaƙa.

To me ya sa daga baya tururi ya yi rinjaye, alhali ruwa kyauta yake gudu, kwal kuwa saye ake yi? Dalili biyu ne, wuri da lokaci. Ruwa yana inda Allah ya ajiye shi, sau da yawa a cikin duwatsu nesa da gari. Mai masana'anta sai ya gina gidaje da makaranta da shago, sannan ya nemo ma'aikata. Da yawansu marayu suka riƙa kwasowa daga gidajen gajiyayyu na birane, yara ƙanana suna aikin awa 12 ko fiye. Kwal kuwa ana iya ɗaukarsa a kai shi inda jama'a suke. Magudanar jiragen ruwa ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 ta karya farashin kwal a Mancesta da kusan rabi, kuma a 1830 jirgin ƙasa ya haɗa Mancesta da tashar ruwan Libaful inda auduga ke sauka. Game da lokaci kuma, kogi yana janyewa da fari, kamar yadda ya faru a 1826, yana daskarewa da sanyi, yana ambaliya. In wili ya tsaya, masu masana'anta sukan tsawaita aiki daga baya don su rama. Da majalisa ta fara ƙayyade lokutan aiki, musamman dokar 1833 da ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga, ramakon ya yi wuya. Tukunyar tururi kuwa in ka ba ta kwal za ta tashi ƙarfe shida ta tsaya lokacin da ka so, rani da damina. Abin da mai masana'anta ya saya da kuɗin kwal shi ne tabbas.

Ba na ɓoye cewa an biya farashi mai tsada. Hayaƙi ya rufe sararin Mancesta, huhun ma'aikata ya cika da ƙurar auduga, mata da yara suna jan kwal a cikin ramuka har sai da dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar da ke haƙar tan miliyan 3 na kwal a wajen 1700 ta kai tan miliyan 287 a 1913, kuma hayaƙin wancan zamani yana cikin abin da ya jawo sauyin yanayin da manomanmu ke ji a jikinsu yau. Ba na kiran mu kwaikwayi wannan ɓarna. Hanyar tunaninsu game da makamashi nake so mu duba.

Labarin nan ya shafe mu kai tsaye. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da birnin da tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa, marina na rini, mabuga na bugu. Gwaninta akwai, auduga akwai, kasuwa akwai. Sai dai duk wannan aiki a kan ƙwanjin ɗan Adam yake, a daidai lokacin da mutum ɗaya a Lankasha ta Ingila ke kula da ɗaruruwan mazarai da tururi ke juyawa. An kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902 don ta nemo wa masaƙun can auduga, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kakkafa gidajen gurza a ƙasar Zazzau da Katsina. Audugarmu ta riƙa tafiya ɗanya tana dawowa atamfa da akoko. Abin da ya raba mu da su a wannan ciniki shi ne ƙarfin da ke juya mazari.

Su kansu Turawan da suka zo haƙar kuza a Jos ba su manta da darasin ƙasarsu ba. Kwal ɗin da aka gano a Udi kusa da Inugu a 1909 yana da nisa da tsadar ɗauko, don haka suka duba magangarun ruwan da ke tudun Filato. Kamfanin NESCO ya kafa tashar lantarki a magangarar Kurra wajen 1930, ya riƙa ba ma'adinai wuta. Bayan haka aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, aka kammala madatsar Kainji a 1968, Kakuri ta cika da masaƙu, Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano suka cika da masana'antu.

Kawuna ya yi shekara 19 a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna. Nakan je hutu gidansa, in ga tururuwar ma'aikata a kan kekuna lokacin canjin aiki. A shekarunsa na ƙarshe a wurin, hirarsa kullum ɗaya ce: an ɗauke wuta zare ya tsinke a kan inji, rini ya lalace a tsakiyar aiki, baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi ya yi wuya, janareta na shan gas kamar rairayi na shan ruwa. Na san akwai wasu dalilan da suka durƙusar da masaƙunmu, irin su fasa-ƙwaurin yadi da lalacewar noman auduga. Amma yadin waje ya fi namu araha ne tun daga masaƙa, domin wanda ya saƙa shi bai sayi janareta da tankar gas ba kafin ya ɗaura zare. Kawu ya dawo gida da injin ɗinki ɗaya na ƙafa, da shi ya ƙarasa rayuwarsa.

Wani zai ce zamani ya canza, yanzu waya ce ke kai ƙarfi ko'ina, babu mai bukatar ya gina masana'anta a bakin rafi. Gaskiya ne, kuma lantarki ya fi wili da tururi duka, tunda kowane inji na iya samun motarsa. Amma tambayoyin da Arkwright da Boulton suka yi wa kansu suna nan: daga ina ƙarfin zai fito, nawa ne kuɗinsa, kuma zai zo a kan lokaci? Muna da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, dukkansu a Arewa, amma mai walda a Kano da mai injin shinkafa a Haɗeja da mai markaɗe a Gusau da janareta suke kwana suke tashi. Mun shekara da shekaru muna jiran madatsar Mambila, muna jiran bututun gas daga Ajakuta. Allah ya sa a kammala su. Kafin nan fa? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Guntun gatarinmu shi ne rana da ke dukanmu kusan kullum, da madatsun da aka riga aka gina. Tiga tana nan tun 1974, Chalawa tun 1992. Ruwan da ake saki domin noman rani zai iya juya injin lantarki kafin ya isa gona, kuma ƙoƙarin da gwamnatin Kano ta fara a wannan fanni ya cancanci a tsaya masa har wutar ta isa masana'antu. Sai dai a yi shi da adalci, domin ruwan nan haƙƙin manoman Kadawa ne da masunta da makiyayan fadamar Haɗeja da Nguru. Kogunanmu suna janyewa da rani, rana kuma tana faɗuwa da magariba, don haka babu ɗaya da zai tsaya shi kaɗai. Turawan Ingila sun shekara fiye da 50 suna haɗa wili da tururi a masana'anta ɗaya, wannan na tallafar wancan. Mu ma sai mu haɗa sola da ruwa da batir da gas, gwargwadon abin da kowane wuri yake da shi.

Tun 2023 doka ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, saboda haka uzurin jiran Abuja ya ragu. Ina kira ga gwamnoninmu da kowannensu ya zaɓi unguwar masana'antu ɗaya ko kasuwar masu sana'a ɗaya, ya tabbatar mata da wuta daga safe zuwa dare a kan farashin da aka sani, kafin ya sa hannu a kan sayen ko da inji ɗaya. Ina kira ga malaman injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da sauransu su yi irin aikin Smeaton: su fita su auna ruwan madatsunmu wata-wata, su auna gas ɗin da masu niƙa da masu casar shinkafa ke ƙonawa a kan kowane buhu, su buga sakamakon da Hausa kowa ya gani. Attajiranmu kuma su tuna da Boulton. Mai kuɗin da zai kafa wa masu niƙa ɗari farantan sola da mota mai lantarki, ya riƙa karɓar wani kaso na kuɗin gas ɗin da suka huta saye, zai ci riba kuma zai ci lada.

Rumfar mahaifina tana nan, ƙanena ne ke riƙe da ita. Ya gaya mini cewa kuɗin gas yanzu shi ke cinye mafi yawan abin da ya samu a yini, kuma mata sun fara rage kwanon da suke aikowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk shugaban da ya zo mana da alƙawarin masana'anta, mu tambaye shi a bainar jama'a: ranka ya daɗe, me zai juya ta, kuma awa nawa a yini?